Gargaɗi ga Jama'ar Guri: Ku Duba Wa Ke Karanta Saƙonninku Tare da Ku

Jama'ar Guri da Kadira da Musari da Adiyani da Abunabo, da sauran garuruwan da ke bakin fadamar kogin Haɗeja: Wannan kira ne na gaggawa ga duk mai WhatsApp a wayarsa, da duk wanda ke tura kuɗi ko ya yanke shawara saboda saƙon da ya gani a ciki. Akwai hanyar da wani zai zauna a cikin asusunka, yana karanta duk abin da aka aiko maka a daidai lokacin da aka aiko, yana amsawa da sunanka, alhali wayarka na aljihunka, layinka na aiki, ba abin da ya canza a fuskar wayar. Abin bai buƙatar wata gagarumar ƙwarewa. Minti ɗaya da wayarka a buɗe a hannun wani ya isa, ko wasu haruffa takwas da kai da kanka za ka shigar. Ya kamata kowa ya san wannan tun kafin kaka ta kankama, kuɗin shinkafa da riɗi da kifi su fara yawo tsakaninmu da Haɗeja da Nguru da Dawanau.

Ɓarayin iri biyu ne

Na farko an fara saninsa. Waya za ta yi ƙara, wata murya mai ladabi ta yi sallama, ta kira sunanka daidai, ta ambaci sunan zauren WhatsApp da kake ciki, na ƙungiyar manoma ko na tsofaffin ɗalibai. Sai a ce: «Ranka ya daɗe, akwai taro da za a yi ta intanet yau da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka.» Kana dubawa kuwa sai ka ga lambobi shida sun shigo. Waɗannan lambobin WhatsApp ne ya turo su, domin mai kiran ya sa lambar wayarka a tasa wayar yana neman buɗe asusunka a can. Kana gama karantawa, naka ya rufe, nasa ya buɗe. Tsofaffin hirarrakinka suna nan a wayarka, amma duk zaurukan da kake ciki da duk sabon saƙon da za a aiko sun koma hannunsa. Wannan sata ba ta bar manya ba: a 2024 sai da ofishin gwamnan Akwa Ibom, Umo Eno, ya fito ya sanar cewa an ƙwace lambar gwamnan ta WhatsApp ana neman kuɗi da ita.

Sai dai wannan ɓarawon ƙofa yake ɓallewa, don haka nan take za ka san an shiga. Na biyun shi ne wanda ya yanko makulli irin naka, yana shiga yana fita, ƙofa na nan a rufe yadda ka bar ta. A kansa wannan gargaɗi ya fi tsayawa.

Yadda asusu ɗaya ke zama a wuri biyar

A farkon 2015 WhatsApp ya ba mutane damar buɗe saƙonninsu a kwamfuta. A lokacin dole sai wayar mai asusun tana kunne tana da data, in ta mutu kwamfutar ma ta tsaya. A 2021 kamfanin ya fara sauya tsarin: kowace na'urar da aka haɗa ta zama mai cin gashin kanta, tana karɓar saƙo ko da babbar wayar na kashe. A watan Afrilun 2023 aka ƙara da cewa na'urar da za a haɗa tana iya zama wata wayar. Yanzu lamba ɗaya na iya aiki a babbar waya da ƙarin na'urori har huɗu a lokaci guda. An yi hakan ne don sauƙi, kuma yana da amfani: ɗan kasuwa na hanyar Kano, yaronsa na shago yana amsa wa masu ciniki da lambar maigida.

Ga abin da ke faruwa idan aka aiko maka saƙo. Wayar mai aikowa tana karɓar jerin na'urorin da ke ɗaure da lambarka, sai ta kulle saƙon daban-daban, kwafi ɗaya ga kowace na'ura, kowanne da makullinsa. In na'urarka ɗaya ce, kwafi ɗaya zai zo. In wani ya haɗa tasa, biyu za su tafi, ɗaya gare ka ɗaya gare shi. Abin da kai ma ka rubuta wa wasu, kwafinsa na isa gare shi. Kuma a ranar da aka haɗa sabuwar na'ura, wayarka da kanta take tattara hirarrakinka na baya-bayan nan ta miƙa mata, har da hotuna da saƙonnin murya.

Mutane da yawa sun ji cewa saƙon WhatsApp a kulle yake, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Gaskiya ne, tun 2016 haka tsarin yake. Amma kullewar tana tsare saƙo ne daga wanda ke kan hanya. Wanda aka riga aka sa na'urarsa a jerin naka, tsarin ya ɗauke shi a matsayin kai, da makullinsa ake kulle masa nasa kwafin.

Abin da ya sa mu muka fi zama cikin haɗari

A birni waya na hannun mai ita dare da rana. A wajenmu ba haka ba ne. Wuta ba ta tsayawa, sabis na zuwa yana ɗaukewa, manomi na wuni a fadama, masunci na kwana a ruwa, waya kuma na wurin mai caji ko ta mutu a aljihu. Duk waɗannan sa'o'in da wayarka ke kashe, na'urar ɓarawon tana kunne.

Ku lura da 'yan alamomin nan da ke gefen saƙo. Maki ɗaya na nufin saƙon ya bar wayar mai aikowa. Maki biyu na nufin ya isa wayarka ko kuma ɗaya daga na'urorin da ke haɗe da ita. Shuɗi na nufin an buɗe. Saboda haka dillalinka na kasuwar kifi ta Haɗeja zai rubuto: «Alhaji, an sayar da kayan, wace lamba zan tura kuɗin?» Zai ga maki biyu, ya ga sun yi shuɗi, ya ga amsa ta zo daga lambarka da hotonka: «Tura wannan, wancan asusun yana ba ni matsala.» Ba shi da dalilin yin shakka. Kafin ka fito daga ruwa ka karɓi wayarka an tura, an cire a wurin mai POS a wani gari, an kuma goge saƙonnin. Gogewar na bin sauran na'urori, don haka kana iya kunna waya ka tarar da hirar kamar ba a yi komai ba. Daga nan sai rigima: kai kana rantsuwa ba ka ga kuɗi ba, shi yana nuna amsarka a wayarsa. Dukanku gaskiya kuke faɗa, amma amanar shekara ashirin ta tsinke.

Kada kuma wani ya ce abin zai mutu da kansa. WhatsApp na cire na'urorin da aka haɗa ne idan babbar wayar ta haura kwana 14 ba a yi amfani da ita ba. Wanda ke kunna wayarsa ko da sau ɗaya a mako, shi da kansa yake sabunta wa ɓarawon zama.

Ta ina ake shiga

Hanya ta farko ita ce hannu da hannu. Duk wanda ya taɓa zuwa rumfar caji ranar kasuwa ya san yadda take: tebur cike da wayoyi sun kai hamsin, kowace da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta, igiyoyi sun sarƙe, janareta na ruri. Dattijo zai miƙa waya ya ce: «Yaro, sa min wa'azi da karatu, ka kuma duba min wannan abin ya ƙi buɗewa.» Ya cire makullin da kansa, ya tafi sallah. Haɗa wata na'ura ba ya wuce a buɗe WhatsApp, a danna wuri biyu, a haska kyamarar wayar a kan hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR. Mafi yawan masu caji da masu gyara da masu tura fina-finai 'ya'yanmu ne masu neman halak, kuma da yawansu su ne ke ceto mutane idan waya ta rikice. Amma rumfa wurin zaman kowa ce, kuma hannu ɗaya marar tsoron Allah ya isa.

Hanya ta biyu daga nesa ake bin ta, kuma ita ce sabuwa. Tun 2023 ana iya haɗa na'ura ba tare da hoton QR ba, ta hanyar wasu haruffa da lambobi takwas. Za a turo maka mahaɗi, sau da yawa daga lambar wanda ka sani wanda shi ma an riga an shiga tasa: wai ga hotonka an gani a Facebook, ko ga rajistar tallafin taki da irin noman rani, ko ga sunayen waɗanda za a ba tallafin ambaliya. Shafin zai ce ka sa lambar wayarka, sannan ya nuna maka haruffa takwas ya ce ka shigar da su a WhatsApp ɗinka don a tabbatar kai ne. Kana shigarwa ka haɗa kwamfutar ɓarawo da asusunka. A nan ba ka karanta wa kowa komai ba, shi ya sa wanda ya riƙe tsohon gargaɗin «kada ka faɗa wa kowa lambar da aka turo maka» ma yana iya faɗawa.

Hanya ta uku tana cikin gida. Miji ya haɗa wayar matarsa da tasa don ya riƙa bibiya, ko mata ta yi wa miji, ko saurayi ya karɓi wayar budurwa da sunan zai tura hoto. Wasu suna ganin wannan wayo ne. Bin diddigin sirrin mutane abu ne da Suratul Hujurat ta hana ƙarara, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Wanda ke karanta hirar matarsa, har da sirrin 'yan'uwanta da ƙawayenta yake karantawa, su kuwa ba su ba shi izini ba.

Sai ƙananan ƙofofi: wayar da aka sayar ko aka bayar ba a fita daga asusu ba, da jabun manhajoji irin su GB WhatsApp da matasa ke yayi, waɗanda ba kamfanin ya yi su ba kuma ba mai iya ba ka tabbacin inda saƙonka ke bi, da layin da aka yi watsi da shi har kamfanin waya ya sake sayar wa wani alhali lambar na nan a zaurukan gari da sunan mai shi na farko. Telegram da Messenger na Facebook su ma suna barin asusu ɗaya ya buɗe a wurare da yawa, don haka maganar ta shafe su.

Dabarar haɗa na'ura ba ta ƙananan ɓarayi kaɗai ba ce. A watan Janairun 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa wasu masu kutse da ke da alaƙa da Rasha suna aika wa jami'an diflomasiyya hoton QR da sunan gayyatar shiga zauren WhatsApp, alhali haɗa na'ura ne. Wata guda bayan haka masu binciken Google suka ce an yi wa sojojin Yukiren irin wannan a manhajar Signal. Idan masu horo sun faɗa, manomin da wani ne ya buɗe masa WhatsApp yana buƙatar a tsaya a yi masa bayani.

Ɓarnar ta wuce kuɗi

Da ɗan gari akan ci gari. Ɓarawon da ya samu asusun mutum ɗaya mai mutunci a Guri ya samu amanar duk wanda ke da lambarsa. Zaure ɗaya na WhatsApp na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma kowanne lambarsa a bayyane take. Daga liman zai tsallaka ga mamu, daga shugaban ƙungiyar masunta ya tsallaka ga 'ya'yan ƙungiya, kowane sabon asusu na buɗe masa wasu ɗaruruwa. Haka abin ke yaɗuwa, kuma shi ya sa sakacin mutum ɗaya ba shi kaɗai yake ci ba.

Ku tuna da damina. Mun ga abin da ruwa ya yi a 2020 da 2022. Idan kogi ya cika, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ana jiran jin ko an saki ruwa daga Tiga ko Challawa, labari ta waya yake zuwa: ina jinga ta ɓalle, wace hanya ta yanke, ina ake buƙatar buhuna da kwale-kwale. A irin wannan dare saƙon ƙarya ɗaya daga lambar da aka yarda da ita na iya tayar da gari a banza, ko ya kwantar da hankalin waɗanda ya kamata su tashi. Sannan bayan ruwa ya janye, lokacin da ake tara gudummawa, lambar asusun banki ɗaya da aka sauya a zaure ta isa ta kwashe taimakon da 'yan'uwa na Kano da Abuja da Legas suka haɗa.

Mafi muni shi ne lokacin girbi, sa'adda makiyaya ke gangarowa fadama. Kowa a Guri ya san yadda tsakanin manoma da makiyaya ke da saurin kamawa, ya kuma san irin wahalar da hakimai da ardo-ardo da dattawa ke sha kafin a zauna lafiya. A ce an wayi gari da saƙo daga lambar wani sananne cewa an kashe wane a gona, ko an kora shanun wane, ga tsohon hoto daga wata ƙasa an manna. Kafin mai lambar ya kunna wayarsa ya ƙaryata, matasa sun fita. A 2018 'yan sandan Filato sun shaida wa BBC cewa hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen rura kashe-kashen da aka yi a jihar. Ba ma fatan ganin irin wannan a ƙasar Haɗeja, kuma rai in ya tafi ba ya dawowa da an gano cewa saƙon na jabu ne.

Akwai kuma mutuncin iyali. Hoton da mace ta tura wa mijinta, maganar rashin lafiya, maganar bashi, sulhun aure: duk wanda ya zauna a asusunka wata guda ya tara abin da zai yi maka barazana da shi.

Abin da za a yi yau

Da farko, buɗe WhatsApp, danna ɗigo uku na sama, ka shiga inda aka rubuta «Linked devices». A iPhone yana cikin saituna. In ka ga wata na'ura da ba ka san ta ba, ko ka san ta amma ba ka amfani da ita, danna ta ka zaɓi «Log out». Nan take ta daina karɓar saƙonka. Ka mayar da wannan al'ada duk Juma'a, da duk lokacin da wayarka ta dawo daga hannun wani.

Na biyu, sa wa wayarka makulli, ka sa wa WhatsApp ɗin kansa makullin yatsa. In za ka bayar da caji, kashe wayar ka miƙa. In aiki za a yi maka a ciki, tsaya a yi a gabanka, ba rashin yarda ba ne, tsari ne.

Na uku, kunna lambar sirri ta biyu, wadda ke ƙarƙashin «Two-step verification», lambobi shida da kai za ka zaɓa. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Ka sani cewa wannan lambar, ɓarawo na farko mai ƙwace asusu take tarewa. Ba ta hana haɗa na'ura, don haka ba ta ɗauke maka duban da aka ambata a sama.

Na huɗu, lambar da ta shigo wayarka kada ka karanta wa kowa, lambar da wani shafi ya nuna maka kada ka shigar a WhatsApp, hoton QR da aka turo maka kada ka haska. Ba taro ko tallafi ko rajistar da ke buƙatar haka. In wani ya taɓa sa ka danna wasu lambobi masu tauraro a wayarka, danna ##002# don soke karkatar da kira, domin ta kira ma ana karɓar lambar buɗe asusu.

Na biyar, maganar kuɗi ko sauya lambar asusu ko labarin tashin hankali, kada a yi aiki da rubutu kaɗai. Kira mutumin ta layinsa na waya, ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Katin naira ɗari ya fi asarar buhu ashirin sauƙi.

Ga alamun da za su sa ka yi shakka: saƙo ya nuna an buɗe alhali ba ka buɗe ba, mutane na cewa ka amsa musu abin da ba ka rubuta ba, hira ta ɓace, ko wayarka ta sanar da kai cewa an haɗa sabuwar na'ura. In kuwa an riga an fitar da kai gaba ɗaya, sake sa lambarka a WhatsApp, ka shigar da lambobi shidan da za su zo ta layinka. Da ka shigar an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Kafin nan ka kira 'yan'uwa da abokan ciniki da shugabannin zaurukanka su cire lambar, ka sanar da bankinka in an taɓa kuɗi, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda. Kada kunya ta sa ka yi shiru, domin shirun awa ɗaya na iya jawo wa mutum goma asara.

Kira na ƙarshe

Shugabannin zauruka, ku kafa doka cewa ba a tura lambar asusun gudummawa sai mutum biyu sun tabbatar da baki. Masu caji da masu gyara, sana'arku amana ce: ku hana kowa taɓa wayar da ba tasa ba a rumfarku, ku kuma koya wa dattawa wannan duban kyauta. Malamai da limamai, ku ba maganar minti biyu bayan sallar Juma'a. Masu unguwanni da dagatai da ardo-ardo, ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa ba wanda zai ɗauki mataki kan labarin waya sai an kira an ji daga bakinku. Matasa masu ilimin waya, kowa ya duba ta mahaifinsa da ta mahaifiyarsa da ta maƙwabcinsa a gabansu, ya kuma yi bayanin da Hausa ko Fulatanci ko Badanci ko Manganci, duk wanda mutum ya fi ji.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka kwanta yau, ɗauki wayarka ka duba na'urorin da ke haɗe da ita, sannan ka gaya wa na kusa da kai ya duba tasa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya zaunar da ƙasar Guri lafiya.